Ƙona Sabon Kasko

Pak Kasiran ya shekara talatin da ɗoriya yana soya shinkafa a titunan Surabaya, amma ga shi yau ko ruwan shayi ba a yarda ya ɗora ba sai da mai gadi a kansa. Mai gadin kuwa 'yar cikinsa ce, Wening, wadda shi da kansa ya koya wa riƙe cokalin suya tun tsayinta bai kai na amalankensa ba.

Tun da matarsa ta rasu, ƙafarsa ta hagu kuma ta fara yi masa gardama, Wening ta ɗauko shi daga tsohuwar unguwarsu ta kawo shi ɗakinta, a hawa na huɗu na wani dogon benen haya. Ɗaki ɗaya ne da ɗan lungu. Nan ake kwana, nan ake sallah, nan ake girki, taga kuma ɗaya ce tak, tana kallon tsakar benen inda mata ke shanya. An sayar da amalanken. Babban kaskonsa na ƙarfe, wanda suya ta mayar baƙi wuluk yana sheƙi, ya bar wa ɗan ƙaninsa, domin Wening ta ce ba shi da wurin zama a ɗakin. Tsohon bai yi musu ba, ya tattara 'yan rigunansa ya biyo ta.

Abin da ya ɓata lamarin buta ce. Wata rana ya ɗora ruwa, ya fita baranda yana kallon yara suna ƙwallo, hankalinsa ya tafi wani wuri. Da ya tuna, ruwan ya ƙafe, gindin butar ya yi ja. Sau ɗaya ne, kuma ban da butar babu abin da ya ƙone. Amma ka san mutanen bene. Kafin Wening ta dawo aiki labari ya riga ya hau sama ya sauka ƙasa, kuma a bakin wasu har labule ya kama.

"Bapak," ta ce masa da yamman nan, wato Baba a harshensu, "don Allah kada ka ƙara kunna gas ɗin nan idan ba na nan."

"Buta ɗaya, Nduk, 'yata. Buta ɗaya a tsawon rayuwata. Je ki tambayi masu otal guda nawa suke ƙonawa a wata."

"Masu otal ba a ɗakina suke ba. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata alkawari. Me zai ce? Ba da mugunta ta faɗa ba, tsoro ne, kuma ya ga tsoron a idonta. Amma maganar ta zauna masa a ƙirji ta ƙi wucewa. Mutumin da in ya buga gefen kasko da cokali jama'a ke fitowa daga gidajensu da faranti a hannu, yau shi ake bar wa abinci a rufe kamar mara lafiya. Ba titi yake son komawa ba, ƙafar ma ba za ta bari ba. Abu ɗaya yake so a duniya, 'yarsa ta yarda cewa hannunsa bai mutu ba, ta mayar masa da wuta.

Ba su biyu kaɗai ba ne a ɗakin. A kusurwa, can nesa da murhu, akwai dogon keji, a cikinsa kuma 'yan dabbobin nan biyu da ake ce wa shuga gilaida, waɗanda ake ta yayin kiwonsu a gari. Kowanne bai cika tafin hannu ba. Launin toka gare su, da baƙin layi a gadon baya, da idanu ƙwala-ƙwala, da wata fata tsakanin hannu da ƙafa wadda suke bazawa su yi shawagi daga kan labule zuwa kafaɗar mutum. Da rana barci suke yi a cikin 'yar jakar ulu, sai rana ta faɗi su tashi su ishi kowa. Wening ta sa musu sunayen kayan ƙwalam na kasuwa, namijin Klepon, macen Cenil. Ta samo su ne shekarar da aurenta ya mutu ba tare da haihuwa ba, kuma duk wanda ya ga yadda take yanka musu gwanda mitsi-mitsi, tana miƙa musu tsutsa da ɗan hantsaki, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Da farko Pak Kasiran ya rena su.

"Ɓeraye masu lema," in ji shi. "A ƙauyenmu da tsintsiya ake yi wa irin waɗannan sannu da zuwa."

"Jikokinka ne fa, Pak."

"Allah ya sawwaƙe. Duk zuri'armu babu mai jela."

Sai dai zaman kaɗaici ya fi ƙarfin girman kansa. Wening na fita da safe zuwa kantin maganin da take aiki, ba ta dawowa sai magariba, yini kuwa yana da tsawo ga wanda ba a bar masa abin yi ba. Cenil ba ta taɓa son sa ba, yana sa hannu sai ta kama wani ƙara kamar ana niƙa. Klepon kuwa wata rana ya lashi ruwan mangwaro a yatsarsa, daga nan ya bi hannun riga ya shige aljihu ya yi barcinsa. Shi ke nan an gama da tsoho. Tun daga ranar, Wening na fita zai ɗauko jakar Klepon ya rataya a wuya, ta kwanta masa a ƙirji yana jin ɗan ɗuminsa ta cikin riga. Da shi yake hira. Klepon ya san sunan kowane lungu da amalanken ya bi, ya san yadda marigayiya take jajjaga yaji, ya san labarin ruwan saman da ya taɓa tafiya da tukunyar shinkafa, kuma bai taɓa cewa ya riga ya ji ba.

Ana cikin haka sai ga sabon kasko. Matan benen suna adashin kayan girki, kwasar ta zo kan Wening, ta shigo da shi a kwali tana murna.

"Pak, duba. Irin wanda ba ya kamu ne. Ko ba mai ka fasa ƙwai, zamewa zai yi."

Ya karɓa, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce. Ba nauyi ko kaɗan, cikinsa baƙi mai santsi, mariƙinsa ja.

"Wannan kasko ne ko farantin biki?"

"Kai dai Pak ba a burge ka."

"Kaskon da ba ya gajiyar da hannu, ina zai san suya?"

Ta yi dariya, ta rataye shi a ƙusa, ta ce sai ranar hutu za ta wanke shi ta fara aiki da shi.

Shi kuwa ya kwana da kaskon a rai, domin ya ga abin da ita ba ta gani ba. Ɗanye ne. Duk mai suyar shinkafa a garin nan ya san ba a sayo kasko a zuba masa abinci haka nan. Sai an ƙona shi. A ɗora shi wayam a kan murhu, a ƙure wuta, a riƙa juya shi gefe zuwa gefe har launinsa ya sauya, ƙazantar masana'anta ta fita da hayaƙi, sannan a goge shi da mai da dusar kwakwa, a sake mayarwa. Haka maigidansa ya koya masa yana saurayi, haka ya koya wa wasu. Masu amalanke har kawo masa nasu suke yi ya ƙona musu, suna cewa hannunsa na da kyau. Yaran yanzu ba su san wannan ba, su dai su sayo su zuba. To idan Wening ta dawo ta tarar kasko ya nuna, ga soyayyar shinkafa irin wadda ta tashi da ita tana jiran ta a ƙarƙashin murfi, ɗaki kuma lafiya lau, gas a kashe, me za ta ce? Ba abin da za ta ce sai, Pak, gobe ma ka yi.

Ranar da ya sa a ransa, da sassafe lasifikar masallaci ta yi shela cewa masu feshin sauro za su zo. Damina ce, zazzaɓin dengi ya riga ya kwantar da yara a hawa na biyu. Wening ta tsaya a bakin ƙofa da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Pak, ka ji ko? In sun zo kada ka buɗe musu. Ka rufe taga gam, ka jiƙa tawul ka toshe ƙarƙashin ƙofa. Hayaƙin nan ba shi da kyau ga su Cenil. Kada ka buɗe komai sai ya wuce."

"Na ji."

"Maimaita mini."

"Taga, tawul, kada in buɗe. Nduk, ƙafa ce ta lalace, ba kai ba."

Ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta sa ɗayan takalmin ta fita.

Da hantsi ya ji rurin injin feshi daga ƙasa. Ya rufe tagar, ya sa sakata. Ya jiƙa tawul ya toshe ƙarƙashin ƙofa, har ya ƙara da tsohon zane a inda katakon ya ɗan tsage. Aikin ya yi kyau, babu ta inda iska za ta shiga, babu ta inda za ta fita. Ya tsaya ya duba, ya ji daɗin kansa. Sannan ya ɗauko jakar Klepon ya rataya a wuya, ya sauko da kaskon daga ƙusa, ya yi bisimilla ya murɗa gas.

"To, Mas Klepon, yau za ka ga aiki. Buɗe ido ka koya, wata rana kai za ka gaje ni."

Klepon ya ɗan motsa a cikin jakar ya koma barci.

Wayyo daɗi. Wanda bai taɓa rasa sana'arsa ba ba zai gane abin da tsohon nan ya ji ba da wutar ta tashi shuɗiya a ƙarƙashin kasko. Hannun ya tuna komai. Ya karkata shi dama, ya karkata shi hagu, ya ɗaga mariƙin don wuta ta lashi baki. Ƙafar ma ta manta da gardamarta. Ya sunkuya yana duban cikin kaskon, yana jiran launi ya sauya, jakar tana reto a ƙirjinsa daidai saitin zafin.

Sai wari ya fara tashi. Ba warin ƙarfe ba ne, wancan ya san shi kamar yadda ya san warin rigarsa. Wannan wani siriri ne mai ɗaci, mai kama maƙogwaro. Wani ɗan hayaƙi fari-fari ya biyo baya, da ƙyar ake ganin sa. Pak Kasiran ya yi tari, ya ce a ransa ai wannan ake nema, ƙazantar ce take fita. Ya ƙara ƙure wutar.

Kaskon ƙarfe in ya ji wuta shuɗi yake yi, sannan ya koma baƙi. Wannan ya ƙi. Sheƙinsa ya dushe, tsakiyarsa ta yi wani launin ƙasa-ƙasa, ta fara 'yan bororo. Idanun tsohon suka kawo ruwa. Ya waiwaya ya dubi tagar. A waje babu abin da ake gani sai farin hayaƙin feshi ya cika tsakar benen, injin na ruri, yara na ihu suna bin mai feshin a baya. Ya taka har bakin tagar, ya kai hannu kan sakata, sai ya tuna maganarta. Kada ka buɗe komai sai ya wuce. Ya janye hannunsa. Alkawari ɗaya ya riga ya karya, wannan kam zai cika shi. Ya koma kan kaskonsa ya ci gaba da jira.

Da ya gaji ya kashe wutar. Ya zuba mai da dusar kwakwa ya goga, sai ga baƙin abu yana ɓarewa yana bin tsumman. Gabansa ya faɗi, amma bai yarda ya tsaya tunani ba. Ya ɗauraye, ya mayar a wuta, ya soya tafarnuwa da albasa, ya fasa ƙwai, ya juye shinkafar jiya. Ta kama. Shi Kasiran, shinkafa ta kama masa a kasko, abin da rabonsa da gani tun yana yaron shago. Ya kwashe ta sama-sama inda ba ta taɓa ƙasa ba, ya zuba a faranti, ya jera yankakken kokwamba a gefe, ya kifa murfi. Ya duba gas, a kashe yake. Ya sake dubawa. Ya jefa kaskon a bahon wanke-wanke, ya zauna a bakin katifa kansa na sarawa.

"Kaskon zamani," ya ce. "Ka ga irin ta ko, Mas? Kyau a waje, ciki ba komai."

Ya yanko ɗan guntun gwanda ya tura yatsa cikin jakar. Babu harshen da ya tarbe shi.

Ya zazzage jakar a tafin hannunsa a hankali. Klepon na kwance a gefe ɗaya, baki a buɗe, haƙarƙarinsa na ɗagawa yana sauka da sauri kamar zai tsage. Ɗan hancin nan mai ruwan hoda ya koma toka. Idanun suna buɗe amma ba sa kallon komai. Tsohon ya ɗaga kai ya dubi keji. Cenil, wadda ba ta taɓa fitowa da rana ba, tana ƙasa ta maƙale da waya tana atishawa.

Ya fizge tawul ɗin daga ƙarƙashin ƙofa, ya fita yana jan ƙafa, ya buga ƙofar maƙwabciyarsu Bu Sriatun, mai sayar da soyayyar ayaba, matar da ba a taɓa jin bakinta ya huta ba.

"Mbah, Kaka, lafiya? Ka yi fari fat kamar wanda ya ga fatalwa."

Ya buɗe mata tafin hannunsa.

"Innalillahi. Feshin nan ne. Na faɗa, na ce wannan abin har mutum zai kashe, ba sauro ba. Tsaya in kira Mbak Wening."

Ita ta kira Wening, ita ta tsayar da ɗan acaɓa, ita ta riƙe tsohon har ƙasa. Ya ce mata ta je ta fitar da Cenil daga ɗakin, ta ce ya tafi kawai, za ta yi. Duk hanya yana rufe da Klepon da hannu biyu, yana hura masa iska da baki, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

Wening ta riga shi isa asibitin dabbobi, da rigar aikinta a jiki. Likitar, wata matashiya mai gilashi, ta karɓi Klepon ta sa shi a wani ɗan akwatin gilashi mai iskar numfashi. Suka tsaya su biyu suna kallo. Ba a daɗe ba. Haƙarƙarin ya rage sauri, Pak Kasiran har ya fara murna yana tsammanin sauƙi ne, ashe tafiya ce. Likitar ta sa ɗan abin sauraronta, ta girgiza kai.

Wening ba ta yi kuka ba tukuna, faɗa ta kama. Ta zagi masu feshi, ta zagi wanda ya turo su, ta ce sai ta je gaban shugaban unguwa, mutane su zo su cika gida da guba ba su tambayi kowa me yake ajiye da shi a ɗaki ba. Likitar ta bari ta sauke numfashi.

"Feshin zai iya yi, Bu Wening. Amma kin ce an rufe ko'ina. An kunna maganin sauro a ciki? An yi fenti? An yi girki?"

"Ba a yi ko ɗaya ba."

"Ina tambaya ne saboda kaskon nan marar kamu. In aka bar shi a wuta ba komai a cikinsa har ya yi zafi fiye da kima, yana fitar da wani hayaƙi. Tsuntsaye kam an san yana kashe su. Waɗannan ba zan ce miki an tabbatar ba, amma dabbar da huhunta bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a rufaffen ɗaki, ni dai ba zan gwada ba."

"Muna da irinsa, amma sabo ne, ko wanke shi ban yi ba. Kuma mahaifina ba ya kunna wuta in ba na nan. Ya yi mini alkawari."

Ko kallon sa ba ta yi ba da ta faɗa, don ba ta ga abin dubawa ba. Da tabbaci ta faɗa, har da ɗan zafi, kamar likitar ta taɓa mutuncin ubanta. Wannan ne ya fi komai yi masa ciwo. Na so in ce muku ya buɗe baki ya faɗi gaskiya a wurin. Bai faɗa ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon jakar ulu da ke rataye a wuyansa ba komai a ciki.

A motar komawa ta karɓi jakar ta mayar da Klepon ciki ta rungume. Can ta kama hannun mahaifinta.

"Ba laifinka ba ne, Pak. Ka yi duk abin da na ce. Kada ka sa abin a rai. Kai, jikinka rawa yake yi."

Rawa kuwa yake yi. Sanyi ya shige shi har ƙashi, ƙirjinsa ya yi nauyi, ga zufa na keto masa.

Suka tarar da Bu Sriatun a baranda, kejin na ajiye a bakin ƙofarta an lulluɓe shi da zane.

"Tana numfashi," ta ce. "Ta ɗan sha ruwa. Na buɗe muku taga."

Ta dubi Pak Kasiran, ta kawar da kai, ta shige ɗakinta. Daga ganin matar nan ta yi shiru ya san ta ga komai.

Wening ta shiga. Har yanzu akwai sauran warin. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana shaƙa, idonta ya kai kan ƙusar da babu komai a jikinta, ya sauka kan bahon wanke-wanke. Ta je ta ɗago kaskon, ta shafa tsakiyarsa, baƙin abin ya biyo yatsarta. Ta ajiye. Ta ɗaga murfin farantin. Ga shinkafa ta huce, ga kokwamba an jera shi yadda yake jera mata tun tana 'yar makaranta. Ta daɗe tana riƙe da murfin.

"Ƙona shi ka yi."

"Ɗanye ne, Nduk. Kowane kasko sai an..."

"Ina Klepon yake lokacin?"

Ya ɗora hannu a ƙirjinsa.

Ta zame ta zauna a ƙasa, a nan kukan ya zo. Ba mai ƙara ba, irin wanda yake fitowa daga ciki yana girgiza kafaɗa. Ya tsaya a kanta bai san inda zai sa hannunsa ba.

"Ka bar ni ina zagin bayin Allah," ta ce. "Na tsaya a gaban likita ina ba da shaida a kanka, kana tsaye kana ji."

"Na rufe tagar. Yadda kika ce na yi, ban buɗe ba. So na yi in nuna miki har yanzu ina iyawa."

Ta share ido da gefen mayafinta.

"To ka nuna mini, Pak."

Ta aro 'yar fartanya wajen mijin Bu Sriatun, ta sauka ita kaɗai ta binne Klepon a gindin ayabar da ke bayan benen, shi yana leƙe daga baranda. Da ta hawo ta juye shinkafar a leda, ta haɗa da kaskon ta kai bola. Babu wanda ya ɗanɗana ko ƙwaya ɗaya. Bayan magariba zazzaɓin ya rufe shi sosai, haƙoransa na haɗuwa. Ta cire masa riga, ta shafa masa mai a baya, ta kankare shi da kwabo layi-layi don iskar da ta shige shi ta fita, ta haɗa masa shayin citta, ta lulluɓe shi. Duk ta yi yadda ya kamata, hannunta ba zafi ba sanyi. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. A kusurwa Cenil ta fito ta hau saman keji tana wani ɗan haushi siriri, ta yi ta saurara, ta sake yi.

Da gari ya waye zazzaɓin ya sauka. Yana zaune a kan dardumar sallah yana kallon ta tana shiri. Ya yi ta juya maganar da zai faɗa, duk wadda ya ɗauko sai ya ga ta yi kaɗan.

Wening ta sa Cenil a jaka ta rataya a wuyanta, ta tura ta ƙarƙashin mayafi.

"Ba a barin su su kaɗai," ta ce, ba tare da ya tambaya ba. "Zan roƙi mai kanti."

"Ai ina nan, Nduk."

Ta durƙusa a gaban murhu, ta kwance kan gas ɗin, ƙarfen nan da ke haɗa tukunyar da tiyo, ta naɗe shi a leda ta sa a jakar hannunta. Ta ajiye masa ƙunshin shinkafa da ta sayo a bakin titi, da fulas ɗin ruwan zafi, da maganinsa a kan murfin kofi.

"Na bar wa Bu Sriatun makulli ɗaya. Za ta riƙa leƙo ka."

Ta sunkuya ta kama hannunsa ta kai goshinta, kamar yadda kowace 'ya tagari take yi wa ubanta, ta fita ta jawo ƙofa.

Ya zauna yana kallon tiyon gas ɗin a yashe a ƙasa, bakin tiyon a buɗe. Bai taɓa ƙunshin ba. Ko hantsi bai yi ba ya ji takun silifas a baranda, ya ji makulli na juyawa a ƙofar. Bu Sriatun ta leƙo da kai, ta dubi murhun tukuna, sannan ta dube shi.

"Mbah, ka ci abinci? Ko in buɗe maka?"